Na sa fihirisa, amma binciken bai yi sauri ba

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin jarrabawar AWS (sashen Amazon mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet), ka sa fihirisa (index, jerin da ke hanzarta neman bayani) a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, amma har yanzu bincike na jan ƙafa. Ni ma na sha wannan a Maraɗi.

Fara da EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda PostgreSQL ya gudanar da bincikenka. In ka ga Seq Scan, wato bin teburin bayanan layi-layi, injin bai taɓa fihirisarka ba.

Ka lura da jerin ginshiƙan tebur (columns) a cikin fihirisar, nan ɗalibai suka fi faɗuwa. In fihirisar ta haɗa gari sannan suna, neman 'yan kasuwar Tasawa zai tashi nan take, amma neman suna kaɗai ba lallai ya amfana ba. Kada kuma ka cika yawan fihirisa, kowace tana nauyaya INSERT, wato shigar da sabon bayani.

A rumbun da ake aiki da shi kuwa, tuntuɓi mai kula da shi tukuna, don CREATE INDEX, umarnin ƙirƙirar fihirisa, na tsayar da rubutu a teburin.