Kan batun cikar filin wasan jami'ar Mishigan

Malam ka tambaya wai da gaske ne wasan ɗalibai kawai ke tara mutum sama da dubu ɗari a Amurka? Gaskiya ne wallahi, filin jami'ar Mishigan da anka buɗe 1927 shina ɗaukar mutum sama da 107,000, kuma ƙwallon Amurka ce suke bugawa, wadda ake ruga da ita a hannu.

Abin gado ne, tun 1897 sunka fara karawa da jami'ar Ohayo Sitet. Sanda nike karatu can na ga tsoho da jikanshi sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa, sanyi kamar ya kashe ni ɗan Sakkwato amma su ko a jikinsu, tun safe suna gashin nama bakin fili kamar ranar hawan sallah.