Ya Rasu a Bakin Aiki: Amsar Tambayoyi Kan Kalmomin Makokin Ɗan Sanda

Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto cewa 'yan bindiga sun harbe maƙwabcinsa, sufeton 'yan sanda, yana rakiyar motocin matafiya, kuma shi aka ɗora wa rubuta sanarwar da za a karanta a masallacin unguwa. Yana tambaya: "Malam, ya mutu zan rubuta, ko ya rasu, ko an kashe shi? Kuma bakin aiki Hausa ce ta asali ko fassara ce?"

Allah ya jiƙan maƙwabcinka, ya ba ku haƙuri. Kalmar mutu ta kowa ce da komai: akuya tana mutuwa, fitila tana mutuwa, aure ma yana mutuwa. Rasu kuwa ta ɗan Adam ce kaɗai, kuma daga rasa ta fito, kamar yadda gyaru ta fito daga gyara, taru daga tara. Idan ka ce wane ya rasu, abin da ka faɗa shi ne an rasa shi, wato ka shigar da matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa cikin maganar ba tare da ka ambace su ba. Saboda haka rasu za ka rubuta. Marigayi kuma daga rigaya take, shi ya sa ake cewa ya riga mu gidan gaskiya, kamar yadda ake cewa ya kwanta dama saboda a kan ɓangaren dama ake kwantar da mamaci yana fuskantar alƙibla. Ya sheƙa barzahu kuwa, wadda masu rubuta labarai ke yi wa ɗan fashin da ya faɗi a artabu, izgili ce, kada ta kusanci takardarka.

Amma kada ladabi ya sa ka ɓoye kisan, domin wanda aka harbe ba zazzaɓi ne ya ɗauke shi ba. Hausa tana da hanyar haɗa biyun: Allah ya yi wa Sufeto wane rasuwa sakamakon harbin 'yan bindiga, yana bakin aikinsa.

Bakin aiki Hausa ce tsantsa. Baki a nan yana nufin gaɓar abu ko wurin da ake fuskantarsa, irin na bakin kogi, bakin kasuwa da bakin ƙofa. 'Yar'uwarta ita ce bakin daga, daga kuwa sahun mayaƙa ce, shi ya sa ake cewa an ja daga. Wanda mota ta kaɗe yana ba da hannu a mahaɗar titi ya rasu a bakin aiki. Wanda ya faɗi ana musayar wuta ya rasu a bakin aiki, kuma a bakin daga. 'Yan sanda 29 da rundunar ta lissafa cikin mutum 185 da suka rasu a hare-haren Kano na ranar Juma'a, 20 ga Janairun 2012, lokacin da aka auka wa hedikwatar shiyya ta ɗaya da wasu ofisoshin 'yan sanda, su ne irin waɗanda kalmomin biyu duk suke hawa kansu.

Wata mai karatu daga Bauchi, wadda yayanta kofur ne da aka kashe a shingen bincike, ta ce wasu masu zuwa gaisuwa suna cewa ya yi shahada, wani malami kuma ya hana faɗin haka. Tana son sanin ma'anar kalmar da kuma wanda ya fi gaskiya.

Malama, Allah ya gafarta wa yayanki. Shahada da shahidi aro ne daga Larabci, kuma tushensu ɗaya da shaida, wato halarta da ganin abu da ido. Hausa ta aro tushen nan sau biyu, ta bar shahada a masallaci, ta kai shaida kotu da kasuwa, har muka manta 'yan ɗaki ɗaya ne. Masu cewa yayanki ya yi shahada ba da ka suke magana ba: hadisi ya zo cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko jininsa ko iyalinsa shahidi ne, wani kuma ya ambaci idon da ya kwana yana tsaro saboda Allah a cikin idanu biyu da wuta ba za ta taɓa ba. Malamin da ya hana shi ma yana da madogara, domin Imam Bukhari ya ware babi guda a kan cewa ba a yanke wa wani mutum takamaimai hukuncin shahada, tunda niyya a zuci take, Allah ne kaɗai ya san ta.

Hukuncin na malaman fiƙihu ne, ni nawa harshe ne, kuma a ganina Bahaushe ya daɗe da raba wannan gardama da kalma ɗaya. Ba ya cewa wane shahidi ne ya yi shiru. Cewa yake Allah ya karɓi shahadarsa, ko muna kyautata masa zaton shahada. Ya mayar da hukunci addu'a, bai hana mamaci daraja ba, bai kuma shiga hurumin da ba nasa ba.

Abin da yake hannunku kacokan shi ne ɗaya kalmar, wato shaida. Muna cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, kuma wannan magana tana da asali a hadisin gawar da aka wuce da ita mutane suka yabe ta, Manzon Allah (SAW) ya ce ta wajaba, ya kuma ce su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Na taɓa zama a makokin wani saje, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, abokan aikinsa suna zuwa da kaki, suna tuɓe manyan takalmansu a gefe kafin su durƙusa su yi addu'a. Manya sun yi jawabi, an ce gwarzo ne, an ce an yi babban rashi. Sai wani direban motar haya da ba wanda ya san shi ya matso, ya ce wa mahaifin mamacin: "Baba, shekara shida ina bin shingensa, bai taɓa miƙo min hannu ba." Tsohon, wanda bai yi kuka ba tun safe, a nan ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska. A aikin da jama'a suka saba yi wa mummunan zato, irin wannan jimla ta fi kowane kirari nauyi.

Tambaya ta uku daga Zariya take. Mai tambayar ya ji wani a wurin zaman makoki yana cewa, "Ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski," yana nufin wanda ya karɓi albashin ɗan sanda ya karɓi mutuwa. Shin karin maganar ta dace?

Ma'anarta daidai ce, wurinta ne ba daidai ba. Asalinta wanzami ne da ya karɓi kuɗin aski a hannun mai cutar da mutane ke ƙyama, don haka ba shi da damar nuƙu-nuƙu idan lokacin aiki ya zo. Ana buga ta ne ga rayayyen da ke neman zillewa alkawari, a tuna masa abin da ya ci. Wanda ya tsaya har aka kashe shi ya riga ya yi askin, bai bar bashi ba. Faɗin ta a gaban marayunsa tamkar cewa ne albashin wata ya biya ransa. Idan bakin mutum yana ƙaiƙayin karin magana a irin wannan wuri, akwai mutuwa rigar kowa, akwai rai baƙon duniya, kuma shiru bayan Allah ya jiƙansa bai taɓa ɓata wa masu makoki rai ba.

Wani ɗalibi ya tambayi bambancin jaje da ta'aziyya. Jaje na asarar da mai ita ya tsira da rai ne, kamar gobara ko sata ko rauni. Ta'aziyya, wadda asalinta na Larabci yake nufin ba da haƙuri, ta mutuwa ce. Idan an kai hari caji ofis, ana yi wa iyalan waɗanda suka rasu ta'aziyya, a jajanta wa waɗanda ke kwance a asibiti.

Shi dai ɗalibin ya ƙara da cewa ko za a kira ɗan sandan da ya rasu a bakin aiki ɗan mazan jiya. Ba na ganin haka. Mazan jiya jarumawan da zamaninsu ya shuɗe ne, kuma kafofin watsa labarai sun ɗora kalmar a kan tsofaffin sojoji, waɗanda ake tunawa da su ranar 15 ga Janairu. 'Yan sanda nasu daban ne: a 2024 gwamnatin tarayya ta ware musu 7 ga Afrilu, aka fara bikin a 2025. Kurtun da aka binne makon jiya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai bai zama na jiya ba tukuna. Ka ce masa gwarzo ko jarumi, idan kuwa mace ce, tunda su ma suna tsayawa a shinge, ka ce gwarzuwa ko jaruma, marigayiya wance.