Me Zan Saya wa Ɗana Mai Otizim? Amsoshin Tambayoyin Iyaye

Wasiƙun wannan makon duk a kan yara ƙanana masu otizim suke, larurar da wasu ke kira galahanga, ko da yake ana liƙa wannan sunan ga larurori da yawa da ba su haɗa hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma duk inda iyaye masu yawa haka suka shiga damuwa, nan masu sayarwa ke baje kolinsu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye.

Ɗana shekararsa uku, bai fara magana ba. In yana son abu sai ya kama hannuna ya ja ni har wurin, in ban gane ba ya zube ƙasa yana ihu. Ƙanwar mijina ta ce mu saya masa kwamfutar hannu mai manhajar da ke furta kalma in ya taɓa hoto. Surukata kuwa ta ce da zarar ya samu abin da zai yi magana a madadinsa, shi ke nan ba zai buɗe baki ba. Wa zan bi?

'Yar'uwa, tsoron surukarki na ƙauna ne, kada ki yi mata gardama a kai. Sai dai bincike bai goyi bayansa ba. A 2006 wasu masana uku, Millar da Light da Schlosser, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan masu amfani da hotuna ko alamun hannu ko na'ura wajen isar da saƙo. Ba su samu ko mutum ɗaya da maganarsa ta ragu ba, mafi yawansu ma ƙaruwa ta yi, ko da ba da yawa ba. Yaron da ya gano cewa in ya isar da saƙo ana biya masa bukata, shi ne ke ƙara neman hanyar isarwa.

Duk da haka ban ce ki sayi kwamfutar yanzu ba. Fara da gwajin ji, in ba a yi masa ba, don duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri sai an duba kunnensa. Bayan nan ki gwada hanyar da ba za ta ci miki komai ba sai kati da hoto. Tun 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka tsara ta a jihar Delawa ta Amurka, ana kiranta PECS. Ki ɗauki hoton abin da ya fi so a duniya da wayarki, ki wanke shi, ki manna a kati mai kauri. Mutum biyu ake bukata da farko. Ke kina gabansa riƙe da abin, katin yana ƙasa tsakaninku, wani kuma yana bayansa. Kada ki tambaye shi me yake so, ki yi shiru kawai. Da ya miƙa hannu zai karɓa, na bayan ya kama hannun nasa a hankali, ya ɗora a kan katin, ya taimaka masa ya sa miki a tafin hannu. Nan take ki ba shi abin, ki faɗi sunansa sau ɗaya.

Na taɓa zama ina kallon wata uwa tana wannan da ɗanta, da kwalbar kumfar sabulu irin wadda ake hurawa. Sau tara ko goma yayarsa na kama masa hannu, yana fizgewa, yana kallon kwalbar kamar katin ba ya nan. Can sai yayar ta shagala da waya, ba ta kama ba. Yaron ya tsaya, ya dubi kwalbar, ya dubi ƙasa, ya tsinci katin da yatsu biyu ya dangwara shi a hannun uwar ba tare da ya kalle ta ba. Uwar ta hura kumfar hannunta na rawa. Bai ce uffan ba ranar, amma ya roƙi abu an ba shi ba tare da ihu ba.

In katunan suka yi yawa har ɗaukarsu ta zama wahala, ko ya soma haɗa biyu, lokacin sayen na'ura ya yi. Ki bari mai koyar da magana ya zaɓa muku manhajar, ki saya mata rigar roba mai kauri don za ta sha faɗuwa, ki kuma kulle ta a kan manhajar kaɗai, akwai wannan saitin a iPad da Android duka. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa masa zanen barkwanci a na'urar guda. Daga ranar ta tashi daga bakinsa ta koma talabijin.

Wani ya turo min bidiyon wani ruwan magani da ake ɗigawa a baki, wai yana fitar da gubar ƙarfe da allurar rigakafi ta bari a jiki, yaro ya warke cikin wata uku. Akwai iyayen da suka ba da shaida. Tsadarsa ba ta dame ni ba in zai yi aiki. Kuma ina tunanin dakatar da rigakafin ƙanwarsa.

Malam, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, masu wannan sana'ar kuma sun san haka sarai. Kada ka saya. Babu maganin da ke warkar da otizim, na ɗigawa ko na haɗiya, domin yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Magunguna biyun da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009, na rage tsananin fusata da cutar da kai ne, likita ke rubuta su, kuma suna da nasu illolin.

Irin wannan wankin ƙarfen ya taɓa kisa. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar mai otizim ya mutu a jihar Fensilbeniya ana cikin yi masa, sinadarin ya janye kalsiyam ɗin jininsa har zuciyarsa ta tsaya. Akwai kuma wani ruwan da ake kira MMS, wanda hukumar ta sake yin gargaɗi a kansa a 2019, saboda in an haɗa shi yadda masu sayarwa ke cewa, bilic yake komawa. Su kuwa masu shaida, wata uku a rayuwar yaro ƙarami ba kaɗan ba ne, zai koyi sabon abu ko an ɗiga masa ko ba a ɗiga ba, sai kwalba ta kwashe ladan.

Batun rigakafi daga takarda guda ya taso, wadda Andrew Wakefield ya buga a mujallar Lancet a 1998 a kan yara 12 kacal, yana danganta allurar ƙyanda da otizim. Mujallar ta janye ta a 2010, a shekarar kuma aka soke masa lasisin aikin likita a Birtaniya. A 2019 aka fitar da nazarin yara sama da 650,000 a Denmak, ba a ga wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba. Ka kai ƙanwarsa a yi mata. Abin da ya dace ka yi mata ban da wannan shi ne sa ido, tun da ƙannen masu otizim sun fi sauran yara yiwuwar samunsa: akwai tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, na yara 'yan wata 16 zuwa 30, ka nemi likitanta ya cike su tare da ku.

Tun da ka ce kuɗi ba matsala ba ne, ga inda zan kai su in ni ce. Ka nemi ƙwararren da zai koya muku, kai da mahaifiyarsa, yadda za ku yi wasa da shi. A Ingila an gwada wani tsari mai suna PACT a kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu, inda ake ɗaukar bidiyon iyaye suna wasa da ɗansu, sannan su zauna da ƙwararre su kalla, ya nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo suka wuce ba su lura ba. Da aka sake duba yaran bayan kimanin shekara shida, a 2016, amfanin yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da darussan horar da masu kula da irin waɗannan yara, kyauta a intanet.

'Yata shekara huɗu, sai ƙarfe ɗaya na dare take barci, ta farka kafin asuba. Bargo mai nauyi zan saya ko melatonin?

Sannu, Maman yarinya, rashin barci shi ke fara karya iyaye kafin komai. Bargon ba zan ce ki saya ba. An gwada shi a Ingila a 2014 kan yara masu otizim, bai ƙara musu barci ba, bai kuma sa sun yi da wuri ba, ko da yake yaran da iyayen sun ce suna son sa. Ga ƙaramar yarinya kuma akwai haɗari: a ƙarshen 2022 an janye irin waɗannan barguna sama da 200,000 daga kasuwa a Amurka bayan yara mata biyu, 'yar shekara huɗu da 'yar shida, sun maƙale cikin rigar bargon sun mutu.

Melatonin, wato sinadarin barci da jiki ke fitarwa da dare wanda ake sayarwa kamar magani, yana da hujja a bayansa, yana taimaka wa yara da yawa masu otizim su yi barci da wuri. Matsalar ita ce abin da ke cikin kwalbar. Wani bincike a Kanada a 2017 ya auna nau'i 31, aka samu wanda ya gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin 100, da wanda ya zarce da kashi 478. Saboda haka ta hannun likita za ki bi, kuma ki je masa da takardar sati biyu: yaushe ta kwanta, yaushe barci ya ɗauke ta, ta yi na rana ko ba ta yi ba, tana minshari ko a'a. Kafin ranar ki kashe waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya, ki sa labule mai duhu, ki riƙa tashinta lokaci guda kullum ko da daren ya yi muni. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, ya kuma fi aiki.

Yana toshe kunne yana kuka a taro. Abin rufe kunne yana da amfani?

Yana da shi. Ki sayi irin wanda ba ya amfani da batir, na yara, mai laushin matsi. Ki bar shi ya saba da shi a gida lokacin da hankalinsa ke kwance, kada ranar taron ta zama ranar farko. A wurin hayaniya kawai zai sa, ba wuni guda ba.

Sau biyu ke nan yana ficewa daga gida ba mu sani ba. Na ga agogon da ke nuna inda yaro yake a waya.

Wannan tambayar ce ta fi tayar min da hankali. Nazarin da aka buga a mujallar Pediatrics a 2012 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran da aka bincika sun taɓa yunƙurin ficewa bayan sun kai shekara huɗu, kuma ruwa da mota ne suka fi yi musu barazana. Agogon sai bayan ya fita yake gaya maka, in caji bai ƙare ba, in kuma bai cire ba, alhali yaro mai ƙyamar abu a fatarsa cirewa zai yi. Ka fara da sakata a can saman ƙofa inda hannunsa ba ya kai, da ƙararrawar da ke kaɗawa in an buɗe. Ka rufe duk wani ma'ajin ruwa a gidan, har bokiti. Ka ɗinka lambar wayarka a cikin rigunansa, ka gaya wa maƙwabta cewa ba lallai ya amsa sunansa ba in an kira. In akwai inda ake koya wa yara iyo, ka sa shi. Agogon ya zo daga baya. Ka kuma lura da inda yake nufa duk fitar, don ranar da aka neme shi aka rasa, can za a fara dubawa, bayan an duba wuraren ruwa.

Ya kusa shekara biyar, har yanzu famfas. Na sayi fo kala uku, ko kallonsu ba ya yi. 'Ya'yan ƙawayena duk sun wuce nan tuntuni.

Ki daina sayen fo, ki kuma daina lissafi da 'ya'yan ƙawaye. Jinkiri a wannan abu ne da aka saba gani ga yara masu otizim, kuma sau da yawa dalilin yana cikin ciki: taurin bayan gida ya yi musu yawa, yaron da ya taɓa jin zafi kuwa riƙewa zai yi. Ki fara gaya wa likita sau nawa yake yi a sati da yadda yake fita.

In wannan lafiya lau, sai ki shiga banɗakin da idonsa. Ƙarar ruwan kora, amsa-kuwwar bango, sanyin mazauni, ƙafafu suna reto a sama, kowanne ya isa ya kore shi. Abin saye a nan biyu ne: ƙaramin mazauni da ake ɗorawa a kan babban, da matakin da zai taka ƙafa. Gara ya koya a wurin da zai ci gaba da amfani da shi, don yaron da ya haddace fo sai an sake koya masa daga farko ranar da aka ɗauke fon. Kwana uku ki riƙa duba famfas ɗin kowace awa kina rubutawa, za ki ga lokutansa. Ki riƙa kai shi kafin su, minti biyu ko uku, da hotuna huɗu a bango: sauke wando, zauna, goge, wanke hannu. Ki sa masa ɗan kamfai a ƙarƙashin famfas don ya ji jiƙar. Ki ware abu guda da yake so ƙwarai, ba ya samunsa sai a nan. In ya yi a wando ki canza masa ba faɗa ba dogon bayani. Satin farko, in ya yarda ya zauna da wandonsa a jiki na daƙiƙa goma, ki ba shi ladan, ki kuma bari sai ya fita kafin ki kora ruwan.