Auna ɗalibai da fayil ɗin rubutunsu maimakon jarrabawa

Malam, ka ce kana so ka daina dogaro da jarrabawa ɗaya a ajin koyon rubutu, ka koma duba fayil ɗin ayyukan da ɗalibi ya tara duk zangon, amma kana tsoron aiki ya yi maka yawa. Gaskiya akwai aiki, amma fa sai in ka ce kowane daftari sai ka ba shi maki. Kar ka yi haka. Daftarin farko sharhi kawai za ka yi, layi biyu ko uku, maki sai ƙarshe.

Ni abin da nake yi, ɗalibi ya zaɓi rubutu 3 da kansa, kowanne ya haɗo da daftarin farko da wanda ya gyara, sannan ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya ya faɗi me ya canza kuma don me, wallahi wasiƙar nan ita ce ke tona asiri, wanda ya kwafo daga intanet za ka ga daftarinsa na farko tas kamar na ƙarshe, babu ko gyara ɗaya, kuma ya rasa abin cewa.

Abin ba sabo ba ne, Jami'ar Stony Brook ta Amurka tun shekarun 1980 ta maye gurbin jarrabawar rubutu da shi, malamai na musayar fayil suna duba na juna.

Sai dai ka karɓi fayil ɗin ka duba ko sau ɗaya a tsakiyar zango, in ba haka ba wasu sai daren ƙarshe za su haɗa komai.