Mutum-mutumin ziyara a gidan tsofaffi: wa ke da ikon shiga ɗaki?

Tambaya: Ina aikin kula da tsofaffi a Kanada. An kawo mana wani mutum-mutumi da 'yan uwa ke magana da tsofaffinsu ta cikinsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ba tona asirin bayin Allah ba ne wannan?

Amsa: 'Yar'uwa, damuwarki a kan hanya take. Abin allo ne kafe a kan sanda mai taya, da kyamara da makirfo da lasifika. Ɗa yana Toronto ko Kano, sai ya shiga ta intanet, fuskarsa ta bayyana, ya riƙa tuƙa shi har bakin gadon mahaifiyarsa. An fara gwada irinsa mai suna Giraff, ƙirar Suwidin, a Turai da Ostireliya. Bayan kullen korona na 2020, Lillian Hung, wata mai bincike a Jami'ar British Columbia ta Kanada, ta gwada na kamfanin Double Robotics a gidajen tsofaffi na yankin Vancouver.

Amfaninsa shi ne tsohuwar da mantuwa ta kama ba sai ta danna komai ba. A nan kuma matsalar take. Baƙon da ba ya jiran a buɗe masa ƙofa yana iya faɗowa kina tsaka da canza mata zane ko yi mata wanka.

Don haka a koya masa sallama. Kira ya yi ƙara tukuna, ma'aikaciya ko tsohuwar ta amsa. Lokacin wanka ko bayan gida a juya fuskarsa bango, ko a rufe kyamarar da ƙyalle. Izinin shiga a ba mutanen da aka rubuta sunayensu kaɗai, na ɗan lokaci, kada mahaɗin intanet da ake shiga da shi ya yi ta yawo a zauren WhatsApp na dangi. A haramta naɗar hoto ko murya.

Wadda ake yawan mantawa ita ce maƙwabciyar gado. Ba ta gayyaci kowa ba, ga muryarta da tarinta suna shiga gidan wasu. A nemi yardarta a rubuce, ko ta waliyyinta, a ja labule.

Ke ma kina da haƙƙi. Ki nemi shugabanninku su rubuta ƙa'ida cewa na'urar ta zumunci ce, ba ta sa wa ma'aikata ido ba. Idan tsohuwar ta kau da kai ko ta ɓata rai, a kashe, ko da ɗanta ne ya sa hannu a takardar.