Amsa ga mai injin jirgin da ya ƙi tashi bayan canza filta

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka, ka ce kana da injin gas mai silinda ɗaya irin na China ɗin nan S195, ka ɗora shi a jirgin katako kana ƙetarar da mutane da buhuna a wajen Auyo, kwana biyu yana ta shaƙewa duk sanda ka ba shi wuta, ka sayo sabuwar filtar mai ka saka, ya tashi ya yi kamar minti biyu ya mutu, daga nan ko tari ya ƙi yi. Na ga wasu sun ce maka famfon mai ne ya tafi, wasu sun ce nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda. Don Allah kar ka taɓa famfon nan tukuna, kar kuma ka bari wani yaro ya kwance maka shi a bakin ruwa cikin yashi. Iska ce ta shiga layin mai, kuma duk wanda ya buɗe filtar injin gas sai ta shiga, ba laifin hannunka bane.

Ni aikina kenan shekara da shekaru, injin niƙa da na casar shinkafa da na ban-ruwa, idan damina tayi nisa kogin Haɗejiya ya cika kuma masu jirgi su fara kirana. Abinda ya kamata ka gane shi ne injin gas ba shi da fulogi, famfo ne yake matsa ɗan man da ƙarfi sosai, sama da bar 100 a ma'aunin matsi, har allurar nozul ta ɗaga ta fesa shi cikin silinda. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, toh idan akwai kumfa a layin sai famfon ya yi ta dannawa iskar tana lotsawa tana dawowa, allura ba zata taɓa buɗewa ba ko zaka kwana kana juya handul. Minti biyun nan da ya yi maka, ragowar man da ke cikin famfo da bututu ya ƙone, yana ƙarewa iskar ta iso.

Ga yadda zaka yi. Ka fara cika tanki, don irin injinka daga sama man yake gangarowa da kansa, idan tanki ya yi ƙasa ba shi da nauyin da zai kori iskar. Ka goge kan filta da wajen famfo tas da tsumma mai tsabta kafin ka sa sifana, ƙasa ƙwaya ɗaya ta isa ta karce filanja, ɗan ƙarfen da ke matsa mai a cikin famfo. Ka buɗe makullin mai. A saman gidan filta akwai ɗan noti, ka sassauta shi zagaye ɗaya ko biyu kawai, kar ka cire gaba ɗaya ya faɗa maka cikin ruwan ƙasan jirgi. Idan naka ba shi da wannan notin sai ka sassauta na bakin tiyon da ke fita daga filta. Zaka ga kumfa tana fitowa fari-fari tana tsss, ka ƙyale ta, mutane a nan suke gaggawa, da sun ga jiƙa sai su ɗaure. Ka jira sai man ya zo garau ba ko ɗigon kumfa sannan ka ɗaure yana cikin zuba. Daga nan ka sauka inda tiyo ya shiga famfo ka yi daidai irin wannan. Sau da yawa a nan ma zai tashi. Idan ya ƙi, sai ka je kan bututun ƙarfen da ya hau nozul, ka sassauta notinsa na wajen nozul ɗin, yawanci sifana 17 ce, ka buɗe wuta sosai, ka danne ɗan sandar nan da ke sake kwamfireshan, ka juya handul. Da farko kumfa, sai kuma ka ga man yana tsartuwa tsit tsit daidai da juyin. Ka ɗaure, ka juya, zaka ji nozul yana ɗan ƙara ƙirit ƙirit, shikenan ka saki sandar. Amma fa ka janye yatsunka daga wajen tsartuwar nan, man da ke fita da wannan ƙarfin yana iya huda fata ya shige nama, kuma raunin ba wasa bane, na asibiti ne.

Masu injin Yanmar da ire-irensa na jirgi na asali, naku akwai ƙaramin famfo a gefe mai ɗan hannu da ake dannawa da yatsa, shi zaku yi ta dannawa har kumfar ta ƙare. Idan kun ji hannun sakwaf ba ya jan komai ku ɗan juya injin kaɗan ku sake gwadawa. Kuma kar a yi ta murza sitata, daƙiƙa 10 zuwa 15 a huta.

Sai ka duba yadda ka zaunar da filtar ma. Robar bakin kofin ta zauna a raminta ko ta murɗe? Tsohuwar robar ka cire ta ko ka ɗora sabuwa a kanta? Washa ta jan ƙarfe guda biyu ce a kowane noti mai rami, ɗaya sama ɗaya ƙasa, idan sun daddaɓe ka canza, kuɗinsu bai kai na lemo ba. Ɗauri kuma daidai hannu, gidan filtar nan ƙarfensa ba ƙwari, kana matsawa da yawa zaren zai tafi.

Toh amma ni abinda ya fi damuna a maganarka ba ƙin tashin bane, wannan aikin rabin awa ne. Me ya toshe tsohuwar filtar? Idan baka zubar da man da ke cikin kofin ba, ko kuma nan gaba idan zaka sake buɗewa, ka juye shi a gorar ruwa ta roba mai haske ka ajiye a inuwa ka je ka yi sallah ka dawo. Ruwa ya fi gas nauyi, zaka gan shi ya kwanta a ƙasa da layinsa a fili. Idan ja-ja ka gani tsatsar tanki ce. Idan kuma wani baƙin abu ne mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana, toh ƙwayoyin cuta ne suke rayuwa a tsakanin ruwan da man, suna cin man suna hayayyafa, kuma muddin akwai ruwa a tankin ko filta goma ka saya haka zasu yi ta toshe ta. Akwai wani bawan Allah da ya kawo min injinsa daga wajen Miga, da na zaro filtar takardar ta lanƙwashe ta shige ciki, baƙa ƙirin, ina matsa ta da yatsa yauƙin yana fitowa ta tsakanin ninkin, muka kwance tankin muka kifa shi a faranti, ruwan da ya fito ya kusa cika kofin shayi. Shi kuma rantsuwa yake bai taɓa zuba ruwa ba, kuma gaskiyarsa ne. Tanki rabi idan ya sha rana da yamma ya huce da dare gumi yake yi ta ciki, ga raɓar kogi, ga feshin ruwa a kan murfi, ga jarkar da aka sayo man a ciki wadda Allah kaɗai ya san me aka zuba mata jiya. Man 'yan bumburutu kuwa ba sai na faɗa ba, wani da kananzir a ciki, kananzir kuma ba shi da santsin da famfo yake buƙata, a hankali yake cinye shi.

Kuma injin jirgi ba ɗaya yake da na niƙa ba ko da lambarsu ɗaya. Na niƙa a kafe yake, dattin tanki ya kwanta abinsa shekara guda ba wanda ya tashe shi. Naka kuwa kullum a girgize yake, iska ta taso igiya ta bugi jirgi duk abinda ke ƙasan tanki sai ya tashi ya nufi filta, shi ya sa ba ya mutuwa a bakin gaɓa sai a tsakiyar ruwa lokacin da ka fi buƙatarsa, ga lodi ga mata da yara, ruwa yana jan ku zuwa cikin kachala. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗejiya da Ringim ya san ƙarfin ruwan da nake magana.

Don haka ka wanke tankin nan kafin ka ɓata sabuwar filtarka. Man da ka sayo ka bar jarkar ta kwana a tsaye, ka tsiyaya ta mazurari da farin ƙyalle mai laushi, na ƙasan jarka kar ka juye, ka tara shi daban don wanke kayan aiki. Da yamma idan ka tashi aiki ka cika tanki ya kwana a cike. Idan da hali ka nemi filta mai kofin gilashi a ƙasa irin ta tarakta, ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ka ɗaura ta tsakanin tanki da filtar injin amma ƙasa da tanki don man ya iya gangarowa, kullum da safe ka leƙa, ka ga ruwa ka buɗe ƙasan ya zube a gwangwani, ba a kogi ba don Allah, masunta ma abincinsu suke nema a ciki. Ƙananan injuna irin waɗannan ana canza musu filta wajen awa 250 na aiki ko sau ɗaya a shekara, amma da irin man da muke samu ni ban yarda mai jirgi ya jira haka ba, ka shiga damina da sabuwa, wata kuma tana ɗaure a leda cikin akwatinka tare da sifanu da washa.

Abu biyu ne bana so in ji ka yi. Wanke filtar takarda da fetur a mayar, da kuma huda ta da ƙusa wai don mai ya wuce. Wallahi na sha gani, injin zai tashi kam ka ji daɗi, amma duk yashin da filtar ta tare yanzu famfo da nozul ne zasu sha shi, kuɗin filta nawa ne kuɗin famfo nawa ne? Af, ka duba ɗan ramin iska na murfin tanki ma, idan laka ta toshe shi injin zai yi ta shaƙewa kamar filta ce, ka sassauta murfin ka ji ko muryarsa ta canza.

Idan ya tashi kar ka ɗauki kowa tukuna. Ka bar jirgin a ɗaure a gaɓa, ka sa farfela ta yi aiki da wuta sosai minti 15, ka bi kowane noti da busasshen yatsa ka ji ko yana jiƙa, banda na bututun nozul, shi da ido zaka duba. Gora da filafili kuma kar su bar cikin jirgin ko injin sabo ne fil. Idan ka yi duk wannan bai tashi ba ka dawo ka gaya min ko man yana tsartuwa a notin nozul, da kuma ko akwai farin hayaƙi a salansa lokacin da kake juyawa, daga nan zamu san ko nozul ne ko kwamfireshan. Allah ya tsare hanya.