Amsa ga mai son sanya wa JCB ɗinsa babban yatsa

Wa alaikumus salam, Malam. Tun jiya na ga tambayarka, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu na zauna. In na fahimce ka daidai, kana da JCB 3CX, motar haƙa mai bokiti gaba da baya, aikin da ka fi samu na kwashe ɓaraguzan gini ne da tuge kututture da loda duwatsu a tifa, kuma bokitin baya na ba ka wuya domin kaya sai su yi ta zamewa. Kana so ka sa mata ƙarfen nan da ake kira babban yatsa, wanda bokiti ke danne kaya a jikinsa, kana tambaya wanne ya fi tsakanin na tsaye da mai aiki da mai, wato man haidirolik, da kuma ko mai waldar unguwa zai iya.

Motoci biyu na sa wa. A ta farko na yi asara, ta biyun kuwa da ita nake cin abinci har yau. Abin da asarar ta koya mini shi ne, yatsan ba shi ne abin tsoro ba, hannun da za a manna shi a jiki shi ne abin tsoro. Yatsa in ya lanƙwashe ka yanke ka sake wani da kuɗi kaɗan. Hannun haƙa in ya tsage, za ka zaga kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka kana neman tsohon da aka cire daga wata mota, in ka samu ma farashinsa sai ya sa ka zauna, ga motar a ajiye ba ta kawo ko sisi.

Ga yadda tawa ta faru. Na kai wa wani mai walda da ya saba da ƙofofi da tagogi. Mutumin kirki ne, hannunsa da tsafta, amma ya ɗora farantin yatsan a jikin hannun ya zagaye shi da walda ta kowane ɓangare, har da gicciye sama da ƙasa, kuma da ilaktarod, wato sandar walda, lamba 6013 ya yi, irin wanda ake haɗa get da shi. Ni kuma ina tsaye ina yaba kyawun aikin. Ba a rufa wata huɗu ba tsaga ta fito daidai bakin waldar da ta gitta ta sama. Dalili kuwa, hannun nan akwati ne na ƙarfe da ke ɗan lanƙwasawa yana komawa duk lokacin da aka haƙa. Waldar da ta gitta shi kamar ka yi wa kara tsaga ne da wuƙa, nan zai karye. Don haka walda a bi tsawon hannun da ita, gefe da gefe, a bar sama da ƙasa. Farantin ya zama dogo domin nauyin ya bazu, kuma kada ƙarshensa ya zama yankan kai tsaye, a ɗan fiƙe shi ko a yi masa baki irin na wutsiyar kifi. Ilaktarod kuma 7018, busasshe, domin yana shan danshi, da damina in an bar kwalinsa a buɗe ya tashi daga aiki. Yana kuma son inji mai ƙarfi, ƙaramin janareto ba ya narkar da shi yadda zai shiga ƙarfe. Saboda haka amsar ko mai waldar unguwa zai iya ita ce, nemi wanda ke gyaran bokitin eskabeta da shasin tirela, ko da ya fi tsada. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kafin ma a kai ga walda, duba hannun naka. Da yawa daga cikin 3CX da ke shigo mana suna da hannu mai zuƙewa, wato akwati biyu ɗaya a cikin ɗaya da ke miƙewa su janye, wanda JCB ke kira Extradig, Case kuma Extendahoe. Iri biyu ne. Akwai wanda na ciki ne ke fitowa da bokitin, akwai wanda na waje ne ke tafiya da shi. In na waje ke tafiya, ka huta, yatsa da bokiti tare za su riƙa tafiya. In kuwa na ciki ne ke fitowa kuma ka manna yatsan a jikin na waje, to da zarar ka miƙa hannun bokiti ya bar yatsan a baya, ba za su haɗu ba sai ka janye shi gaba ɗaya. Wasu sukan haƙura da haka, su sa fin ɗin kulle su yi aikin ɗauka a janye. Ni ma haka nake yi. Sannan a cikin irin wannan hannu akwai robobin da yake zamewa a kansu, zafin walda na narkar da su, yana kuma iya karkatar da akwatin har hannun ya riƙa cijewa. A yi waldar kaɗan-kaɗan, a yi nan a koma ɗaya gefen, a bari ya huce da kansa. Kada yaron shago ya watsa masa ruwa don a yi sauri.

Batun na tsaye ko mai mai, ga ra'ayina. Na tsaye ƙarfe ne da sanda ke tokare shi ta baya, da ramukan fin biyu ko uku na sauya tsayuwarsa, da wurin naɗe shi a jikin hannu in za ka yi haƙa. Ba tiyo, ba bawul, ba yoyo. Illarsa ita ce bokiti ne kaɗai ke motsi, dole ka jera motar daidai kan kayan, kuma duk sauyi sai ka sauko ka zare fin, ƙarfen ga nauyi, ka kula da yatsunka na gaske. Mai mai kuwa daga kujera kake buɗe shi ka rufe, ga mai jera duwatsu a bakin kwalbati ko tsince rodi daga kankare babu kamarsa. Amma ga irin aikin da ka lissafa, ni da na tsaye zan fara. In ka sa an yi kunnuwan farantin da tazarar da silinda za ta shiga, ran da ka samu hali sai ka cire sandar ka sa silinda a gurbinta.

In ka nace sai mai mai, abu biyu ne mutane ke tuntuɓe da su. Na farko, layin man da ke jikin hannun wasu motocin na hamar fasa dutse ne, hanya ɗaya yake turawa ya dawo tanki. Silinda kuwa tana son layi mai tura mai gaba da baya, sai an ƙara bawul ko an sauya tsarin. Na biyu shi ne ya fi cin mutane. In ka tsayar da yatsan, man da ke cikin silindarsa a kulle yake. Sai ka naɗo bokiti da dukkan ƙarfinsa, a motar da famfonta ke ba da matsi sama da bar 200, ga ƙarin ƙarfin da mahaɗan bokitin ke bayarwa. Man nan ba shi da hanyar fita, dole wani abu ya ba da kai: ko sandar silinda ta lanƙwashe, ko tiyo ya fashe, ko walda ta ɓalle. Maganinsa bawul ɗin sauke matsi a kan layin yatsan, a saita shi ƙasa da na bokiti, yadda in an matse da yawa yatsan zai ja baya a hankali. Yatsa ya zama bokiti na iya rinjayarsa. Duk bakaniken da ya ce maka ba sai an sa wannan bawul ba, ka gode masa ka nemi wani.

Awo kuma a jikin motarka za a yi shi, ba a hoton waya ba. Auna daga tsakiyar fin ɗin bokiti zuwa tsinin haƙori, wannan ne zai ba ka tsawon yatsan, domin tsininsa ya sadu da tsinin haƙoran. In ya yi gajere cikin bokiti zai faɗa, ƙananan kaya su kuɓuce. In ya yi tsawo zai bugi babban hannu in an naɗe. Haƙoran yatsan su shiga tsakanin haƙoran bokiti, kada su yi karo. Ka zaɓi bokitin da ka fi aiki da shi ka auna da shi, nawa mai inci 24 ne, in na sa mai inci 12 ba sa haɗuwa da kyau. In kana da mahaɗin nan na sauya bokiti da sauri, da shi a jiki za ka auna, domin yana ƙara tsawo. Ni da kwalin firiji na yanka siffar tukuna na gwada, yara na ta yi mini dariya, amma ya hana ni ɓata ƙarfe. Haƙoran na sa an yanko su daga faranti mai kaurin milimita 25. In ka samu Hardox, ƙarfen nan da ba ya saurin cinyewa, ko guntun bakin bokitin feloda da aka cire ya fi, ƙarfen gini na yau da kullum da wuri yake cinyewa.

Ranar haɗawa, a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin hannun kusa da inda ake aiki, kada wuta ta bi ta cikin fin da bushi ko sandar silinda ta yi musu tabo. A lulluɓe sandunan silinda da jiƙaƙƙen buhun algarara ko fata saboda tartsatsi, ɗigo ɗaya a kan sandar ya isa ya yi ta yaga sil, robar da ke hana mai yoyo. A kankare fenti har ƙarfe ya yi fari. Sai a ɗiga walda wuri huɗu kawai, a mayar da batir, a tayar da mota, a naɗe bokiti a buɗe shi har ƙarshe, a naɗe hannun gaba ɗaya kamar za a hau titi, a zamar da shi hagu da dama tunda 3CX na zamewa gefe. In babu inda ya taɓa, sannan a cika waldar. A motata ta biyu sau biyu muka ɓalle ɗigon muka matsar da farantin kafin ya zauna.

Da ka fara aiki da shi za ka ga kana iya cafke abin da motar ba ta iya ɗagawa, ga nauyin yatsan kansa da ya rage mata ƙarfi. Ka sauke ƙafafun baya da bokitin gaba kafin ka ɗauki komai, kada ka juya babban dutse gefe hannu a miƙe, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi. Kada ka yi amfani da yatsan wajen ɓanɓarar kututture ta gefe, haƙa kewaye ka yanke saiwa da bokiti sannan ka ɗauka. Makon farko kullum da safe ka goge bakin waldar ka duba, layin tsatsa siriri kamar gashi shi ne farkon tsaga.

Turo hoton hannun daga gefe, ɗaya a janye ɗaya a miƙe, da awon fin zuwa haƙori, in gaya maka inda farantin zai zauna.